Amsoshin Tambayoyinku: Lambobin Jarumta na Sojojin Ƙasa a Amurka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Tambayarmu ta yau ta fito daga wani malamin makaranta a Damagaram, wanda ya rubuto yana cewa: "Wace lambar yabo ce ta fi daraja ga sojojin ƙasa na Amurka da ke fafatawa a fagen daga, kuma da gaske ne an taɓa hana baƙaƙen fata ita?"

To Malam, mun gode. Lambar da ke sama da kowace ita ce Medal of Honor, wadda aka kafa wa sojojin ƙasa a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Shugaban ƙasa ne ke rataya wa soja ita a wuya da sunan majalisar dokoki, kuma kimanin mutum 3,500 ne suka taɓa samunta, domin sai sojan ya sai da ransa fiye da abin da aiki ya wajabta masa, sannan shaidun gani da ido sun tabbatar a rubuce. Daga ita sai Distinguished Service Cross, sai Silver Star. Ita kuwa Purple Heart ta wanda abokan gaba suka raunata ne ko suka kashe. Akwai kuma wani baje da aka fito da shi a 1943 domin sojan ƙafa kaɗai, shuɗi mai hoton doguwar bindiga, wanda ke nuna mai shi ya yi gaba da gaba da maƙiyi.

Cikin waɗanda suka sami babbar lambar, Audie Murphy ya fi shahara. A ranar 26 ga Janairun 1945, kusa da Holtzwihr a Faransa, ya haye kan motar yaƙi tana ci da wuta, ya riƙe babbar bindigarta ya tare Jamusawa shi kaɗai kusan sa'a guda, alhali an harbe shi a ƙafa. Ba a ƙare shekarar ba sai da aka ba shi lambarsa.

Sashe na biyu na tambayarka, Malam, shi ne mai sosa rai, kuma amsarsa ita ce ƙwarai kuwa. Henry Johnson baƙar fata ne a runduna ta 369, wadda aka miƙa wa Faransawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda wariyar launin fata. Wani dare a watan Mayun 1918, yana gadi tare da Needham Roberts a dajin Argonne, Jamusawa suka auka musu. Ya yi ta jifa da gurneti har suka ƙare, bindigarsa ta cije ya koma dukansu da gindinta, daga bisani ya zaro wuƙa ya ƙwato abokinsa da ake ja za a tafi da shi. Faransa ta karrama shi nan take da Croix de Guerre, amma ƙasarsa ta yi gum, har ya rasu cikin talauci a 1929. Sai a 2015 Shugaba Obama ya ba shi Medal of Honor. A ganina wannan zalunci ne tsagwaro, domin lambar ba ta isowa sai wani hafsa ya rubuta takardar shaida, kuma hafsoshin zamanin ba su son rubuta wa baƙar fata.

Haka aka maimaita a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ko baƙar fata ɗaya bai same ta ba, sai da rundunar sojojin ƙasan Amurka ta sa aka sake binciken tsofaffin takardu. A Janairun 1997 Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai, kuma a cikinsu Vernon Baker kaɗai ke raye, wanda ya tarwatsa sansanonin bindigogin Jamusawa a Italiya a Afrilun 1945. Yana da shekara 77 ya karɓa.

Da fatan Malam ya gamsu. Sai mu duba wasiƙa ta gaba.