Kafin a kwantar da C10 ƙasa: haɗa jakunkunan iska a tsohuwar a-kori-kura

Bashir: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna kan tsohuwar a-kori-kurar Amurka, Chevrolet C10, wadda masu sha'awa ke cire mata sifirin su sa jakunkunan iska, a ɗaga ta ko a kwantar da ita da maɓalli. Oga Garba, kowace C10 ce ke karɓar aikin cikin sauƙi?

Garba: A'a. Ta 1963 zuwa 1972 ita ce mai sauƙin kai, don bayanta sifirin mai murɗe gare ta, zaune kan dogayen hannuwa biyu. Ka cire shi, jaka ta zauna a gurbinsa. Daga 1973 zuwa 1987 sifirin mai falle-falle suka koma sawa, kuma shi ne ke riƙe aksul. In ka cire shi sai ka yi waldar sanduna huɗu da za su riƙe aksul ɗin. Wannan ya wuce aikin spana.

Bashir: To da me ake farawa, sayen kaya?

Zainab: Da tef ɗin awo, Bashir. Ka fara yanke tsayin da motar za ta riƙa tafiya a kai. Kowace jaka tana da tsayin da masu ƙera ta suka ce ta yi aiki a kai, kuma a nan ake auna mazauninta da tsawon shokozoba. In an haɗa ta a matse, iska kaɗan za ta ɗauka, motar ta riƙa dukan ƙasa. In an haɗa ta a miƙe, sai ka cika ta tam kafin ta kai tsayi, tafiya ta yi tauri kamar amalanke.

Garba: Gaba kuma a yi hattara da sifirin, matse yake da ƙarfin da zai karya ƙashi. A ɗora shasi kan ƙafafun ƙarfe, a sa jek ƙarƙashin hannun ƙasa, a ɗaure sifirin da sarƙa, sannan a saki bol-joyin a sauke jek a hankali. Jaka mai ƙugu biyu mai ɗaukar nauyin fam 2,600 aka fi sawa a gaba saboda nauyin inji.

Zainab: Oga, ka tsallake abin da ya fi kashe jaka.

Garba: Guga kenan.

Zainab: Shi. Iska ba ta cika fasa jaka ba, ƙarfe ne ke cin ta. A bar aƙalla rabin inci tsakaninta da komai, kuma a duba a yanayi uku: ba iska, tsayin tafiya, da cike. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a kowanne. Inda bakin ƙarfe ya matso a yanke a goge. A duba tiyon birki ma, kada ya ja idan mota ta tashi sama.

Bashir: A baya fa? Na ga ana yanke shasi.

Garba: In kana son ta sauka sosai, aksul zai bugi shasi, shi ya sa ake yanke gurbi a saman aksul a ƙarfafa wurin da faranti. Akwai kuma sandar da ke hana aksul gocewa gefe. Da mota ta sauka, sandar kan tura aksul ɓangare guda, taya ta fara gugar bodi. Maganinsa sanda mai daidaituwa, a saita ta a tsayin tafiya. A auna kusurwar furofela, in ba haka ba za ka ji karkarwa a kan gudu.

Bashir: Injiniya, mu zo kan iskar kanta.

Zainab: Tanki mai galan 5, wajen lita 19, da kwamfuresa biyu irin Viair 444C masu kai matsin iska psi 200 (psi shi ne ma'aunin matsin). Makunnin matsi ya tayar da su a 165 ya kashe a 200. Bawul takwas, kowace taya biyu, na cikawa da na saki. Kada a haɗa dama da hagu a tiyo ɗaya don a rage kuɗi: in an sha kwana iska za ta gudu daga jakar da nauyi ya danne zuwa ɗaya, motar ta kishingiɗa. Tiyo mai inci 3/8 ya fi sauri, na 1/4 ya fi sauƙin saitawa, ni shi na fi so ga mai tuƙin yau da kullum.

Garba: A yanke tiyo da abin yankansa, baki a miƙe. Filaya tana matse bakin, ya riƙa yoyo. Kan zaren mahaɗi a sa ruwan liƙi, don ɓarɓashin farin tef kan shige bawul ya hana shi rufewa. Duk inda tiyo ya ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba, a nisanta shi da salansa.

Zainab: Wuta kuma, kwamfuresa biyu na jan wajen amfiya 40, alhali altanetar asali ta yawancin motocin nan ba ta wuce sittin da 'yan kai ba. A canza mai amfiya 100, a jawo waya mai kauri daga batir, fiyus kusa da batir, da rile. A sa matattarar ruwa, a riƙa zubar da ruwan tanki, don shi ke sa bawul tsatsa.

Bashir: An gama haɗawa, sai titi?

Garba: Sai ruwan sabulu. A fesa wa kowane mahaɗi, inda ya yi kumfa a sake shi. A rubuta matsin kowace jaka a bar ta ta kwana. Psi biyu ko uku sanyin dare ne, amma kusurwa guda ta faɗi, yoyo ne. Sannan a saki iska duka a gani: taya na juyawa? Akwai abin da ya taɓa ƙasa? In jaka ta fashe a kan hanya, a haka za ka gangara gefe. Bayan nan a kai ta alaimen, a tsayin da za a riƙa tuƙa ta.