Tabaraun ruwa: ku daina ɗaure igiyar nan tamau

Assalamu alaikum, mutanen Jidda da kewaye. Tun da jirgin shaƙatawa na AROYA ya fara ɗibar iyalai daga tashar Jidda a Disambar 2024, ƙorafi ɗaya ake ta turo mana: mun sayi tabaraun ruwa mai tsada, irin mai rufe ido da hanci, ana shiga teku ya cika, yaro ya fito yana kuka. To, yau a nan za mu yada zango.

Bari mu sallami maganar wuri tukuna. Idan da yara, ku nemi lungun da ƙasa ta kare shi daga igiyar ruwa, wanda Larabawa ke ce wa sharm, irin na Abhur a arewacin Jidda ko na Yanbu. Ruwa a kwance, bakin shiga yashi. A fita da safe, domin da rana ta yi iska take tasowa. Kowane yaro da rigar ceto, ko da kifi ne shi wajen iyo. Murjani kuwa kallo kawai. Akwai wani mai ruwan ɗorawa, taɓa shi kamar taɓa garwashi ne. Kuma a riƙa duba agogo, jirgi ba ya jiran Alhaji.

Yauwa, mu dawo kan tabarau.

Ga abin da wani bawan Allah yake yi. Ruwa ya shiga, ya ja igiya. Ya sake shiga, ya ƙara ja. Nan ne kuskuren. Wannan roba mai laushi da ta zagaye gilashin, ita ke tare ruwa, kuma sai ta kwanta luf a fata take aiki. Idan aka matse ta, sai ta lanƙwashe, ta buɗe 'yar kafa a gefen hanci ko kusa da ido. Nauyin ruwan da kansa yana danna tabarau a fuska. Igiya aikinta kawai kada ya faɗi.

Ga gwajin da za ku yi tun a shago, kafin ku fitar da riyal ko ɗaya. Ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba. Ja iska kaɗan ta hanci, ka riƙe. Saki hannu. Ya manne? Naka ne. Ya faɗo? Mayar musu, ko nawa ne kuɗinsa. Kowa da fuskarsa, don haka kada Baba ya je shi kaɗai ya kwaso wa gida guda biyar iri ɗaya. A tafi da yaran.

Idan ya ci gwajin amma ruwa bai daina ba, duba abin da ya shiga tsakani. Hajiya, bakin hijabin iyo ne ya kwanta ƙarƙashin robar, a ɗan ja shi baya a goshi. Silin gashi ɗaya ma ya isa. Masu gashin baki, ku yi haƙuri, ni ma ina cikinku: a rage layin da ke daf da hanci. Gemu babu ruwansa, robar ba ta kai can ba. Dariya ma tana buɗe kafa, sai dai wanda ya ga wannan kifin mai kama da aku ba zai iya daurewa ba.

Kuma gishirin nan da gaske yake. Lita ɗaya ta Bahar Maliya tana ɗauke da kusan giram 40, sauran tekuna wajen 35. Shi ya sa jiki ke saurin tasowa sama, shi ya sa kuma ɗigo biyu a ido ke sa yaro ya ce ya fasa.

Hazo a gilashi? In sabo ne, a goge cikinsa da makilin, in dai gilashin gaske ne ba roba ba. Kafin shiga, ɗigon sabulun wankan jarirai, ko yawu. E, yawu. A ɗauraye sama-sama.

Mai rufe fuska gaba ɗaya da ake yayi, ni dai ban saya wa yarana ba. Masu arharsa suna iya tara iskar da aka fitar, kuma cire shi cikin gaggawa wuya gare shi ga ƙaramin hannu.

Yanzu ga inda ya kamata igiyar ta zauna a kan yaro: sama da kunne, a tudun ƙeya, yatsa biyu na shiga ƙarƙashinta. Daga nan sai a sa fuska a ruwa.