Me ya hana Ɗangote kafa matatar mai a Kano?

Duk inda ka leƙa a Facebook zancen ke nan: mutumin Kano ne, amma ya kwashi matata ya kai Legas. To, a ɗan ajiye kishin gida tukuna, a ɗauko kalkuleta.

Ga ta nan a Lekki, bakin teku. Buhari ne ya ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023, an kuma gina ta don tace ganga 650,000 a kullum.

Inda ake tafka kuskuren shi ne, kowa hanyar da fetur zai bi ya iso gidan mai yake lissafawa, a manta da hanyar da ɗanyen mai zai bi ya shiga matatar. Ganga ɗaya lita 159 ce, wato a rana sama da lita miliyan 103. Zuba su a tanka mai cin lita 45,000, sai ka jera kusan tanka 2,300. Kullum ta Allah fa, ba sau ɗaya ba. Wanda ya taɓa kwana tsakanin Jebba da Mokwa saboda tirela ɗaya ta gitta hanya, ba sai na yi masa bayani ba. Jirgin ruwa guda kuwa sai ya kinkimo ganga miliyan ɗaya.

Na san za ka ce a ja bututu mana. Ai an ja. Matatar Kaduna ta 1980 da bututu ake turo mata mai daga yankin Warri, kuma ɓarayi su huda shi a can daji, Kaduna ta tsaya cik.

Kalli ƙatuwar hasumiyar tacewa ta matatar Lekki. Daga Chana aka kawo ta ta ruwa, sai da kamfanin ya gina mashigar jirginsa. Wace gada ce za ta ɗauke ta zuwa Kano?

Teku kuma ƙofa biyu ce: in mai ya yi ƙaranci a gida a sayo daga Amurka, in an tace a sayar waje.

Amma ni ma abin na ci mini rai, domin nisan nan bai ɓace ba, kanmu ya dawo. Tankar da ta tashi daga Legas sai ta cinye kimanin kilomita dubu kafin ta sauke a Kano, kuɗin dakon kuma a famfo za ka biya shi. Mutumin Maiduguri ya fi mu ji a jiki.