Wai kalma 100 ta isa ka ji rabin Turanci? Tsaya tukuna

[Bidiyoyin TikTok suna wucewa da sauri]

To jama'a, wannan bidiyon ne ake ta turo min kusan sati biyu kenan, wai ka haddace kalmomi 100 kacal shikenan ka fahimci rabin Turanci. Har ƙanena sai da ya kira ni da daddare, wai Yaya ashe wahalar banza muka sha a makaranta. Na ce malam kwantar da hankalinka, lissafin nasu ba ƙarya ba ne, abin da suka ɗora a kansa ne ya karkace.

Bari mu yi gudu a inda babu rigima. George Zipf malami ne a jami'ar Harvard a Amurka, a shekarun 1930 ya yi ta ƙirga kalmomi, ya lura cewa in ka jera su bisa yawan fitowarsu a rubutu, ta biyu tana fitowa kusan rabin ta ɗaya, ta uku kusan kashi ɗaya bisa uku, haka dai har ƙasa. Shi ake kira dokar Zipf. Wani Bafaranshe mai suna Estoup ya riga shi gani tun 1916 fa, amma sunan Zipf ne ya fito, ka ji duniya.

[Jadawali, sanduna suna tashi ɗaya bayan ɗaya]

Wannan da kuke gani daga jami'ar Brown ne, sun tara rubuce-rubucen Amurka na shekarar 1961, kalma wajen miliyan ɗaya. "The" ta fito sau 69,971. "Of" sau 36,411, ka ga kusan rabi kenan. "And" sau 28,852. Kuma kalmomi 135 kawai su ne suka cinye rabin duk tarin. To ka ga inda masu bidiyon suka samo zancensu, ba daga iska suka ɗauko ba.

Yanzu a nan zan ja birki, don nan ne kowa yake zamewa. Rabin kalmomin da ke kan takarda daban, rabin maganar da takardar take yi daban. Su waye waɗannan kalmomin 135 ɗin? Irin su da, a, na, ya, ta, shi ne a Hausa. Suna ko'ina, amma su kaɗai ba sa gaya maka ko tafiya ake ko dawowa.

Mu gwada da namu harshen don kar a ce Turancin ne ya yi wuya. Ku kalli allon nan.

[A allo: Ya ce mata ta kai ___ ___ kafin ___, in ba haka ba za a ___ shi.]

Kalma 17 ce, ka san 13. Fiye da kashi 75 cikin ɗari, a jarrabawa ai ka ci har da yabo. To gaya min me ya faru? Ban san ko kun gane ba, ni dai na ji akwai barazana, shikenan. Bari in cike: ta kai ragon kasuwa kafin azahar, in ba haka ba za a yanka shi. Sake cikewa: ta kai yaron makaranta kafin takwas, in ba haka ba za a zane shi. Kalma huɗun nan da ba ka sani ba su ne labarin gaba ɗaya, ka ruɗe su sai a yanka yaro a zane rago, Allah ya kiyaye.

Kamar tukunyar miya ce, ruwa ya fi komai yawa a ciki amma ba wanda zai ce ya ci rabin miya don ya sha ruwan zafi.

[Layin jadawalin ya faɗo, ya miƙe kamar jela]

Kalli jelar nan, wato kalmomin da ba su cika fitowa ba, doguwa ce sosai, kuma dokar Zipf ɗin da ta ba ka rabi a arha ita ce dai take tsawwala maka sauran, kowane dubu na kalmomi da ka ƙara abin da zai ƙara maka bai kai na dubun baya ba. A tarin Brown ɗin nan kusan rabin kalmomi daban-daban da ke ciki sau ɗaya tak suka fito a cikin miliyan. Paul Nation, masani a Niyuzilan, ya yi lissafi a 2006 cewa kafin ka karanta littafin labari ko jarida na Turanci ba tare da ƙamus ba kana buƙatar sanin kashi 98 na kalmomin da ke shafin, wato kalma ɗaya ce kawai cikin 50 za ta ɓace maka, kuma hakan yana cin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, kowanne da 'ya'yansa. Ba 100 ba.

Ba ni da hoton da zan sa a nan sai dai ku kalli birin nan. A 1957 wani masani Ba'amurke mai suna George Miller ya nuna cewa ko biri ne ya hau keken rubutu yana danna haruffa barkatai yana taɓa sarari jefi-jefi, abin da zai fito zai bi kusan wannan layin na dokar Zipf. Wannan ne ya fi burge ni gaskiya, don birin bai faɗi komai ba amma jadawalinsa ya yi kyau.

Ƙanena dai na ce masa ya haddace ɗarin, ba asara ba ce, mako guda ya isa, amma kar ya sayar da ƙamus ɗinsa. Ku kuma ga aiki, ku ɗauki shafi guda na jaridar Hausa ku ƙirga sau nawa "da" ta fito, ku rubuto min, ni na fara na gaji a rabin shafi.