Inuwar Darbejiya: a ƙona ganye, a sayi taki

Habu: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ni ne Habu, ga Anti Rabi, ga Nura can yana kokawa da makirfo. Yau maganar da ta cika mana guruf za mu yi, hoton nan na mai aikin furanni da ya tara ganye da ciyawar da ya aske a bakin get, ya cinna musu wuta.

Nura: Hoton da ya kusa raba zumunci.

Rabi: Ni abin da ya ɗaure mini kai, ga buhun takin zamani nan a bayansa, jingine da bango.

Habu: Yauwa Anti! Ya ƙona takin da Allah ya ba shi kyauta, gobe kuma zai cewa maigida a ba shi kuɗin NPK. Kuma wai a Kano! Garin da manoman ƙauyukan kewaye ke shigowa da jakuna da rani, su cika mangala da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, su kai gona. Itace suke kawowa, su koma da taki. Baturen nan Michael Mortimore, da ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, tun shekarun 1960 yake rubutu a kan yadda gonakin kewayen Kano ke shan noma kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Takin nan na daga cikin abin da ya riƙe ta.

Rabi: Har yanzu ai ana yi, da tifa ma.

Habu: Ana yi, amma je ki ga gonar. Rabin abin da tifar ta juye leda ce, da batir, da fasasshiyar kwalba, har allura. Sharar da can duk mai ruɓewa ce. Ta yanzu kuwa, da zarar an haɗa ɓawon doya da famfas a mazubi ɗaya, magana ta ƙare. Shi ya sa nake jin haushin mai aikin lambu. Tasa sharar tsabtatacciya ce, ganye zalla, reshe zalla, ba sai ya tsince komai ba.

Nura: To Yaya Habu, a gidan mutane fa yake aiki. Hajiya ba za ta yarda a yi mata juji a bayan falo ba.

Habu: Wa ya ce juji? Rami zai haƙa a lungu, zurfin gwiwa ko ƙugu. Ya shimfiɗa busasshe, wato ganyen da ya zubo, buntun shinkafa, ɗan garin katako. Ya ɗora ɗanye, ciyawar da ya aske, ɓawon kayan miya, kashin kaji ko na shanu. Busasshen ya ninka ɗanyen sau biyu ko uku. Ya yayyafa ruwa ya rufe da tsohon buhu. In ka damƙa ka matse ka ji danshi amma ruwa bai tsiyaya ba, daidai ke nan.

Rabi: Warin fa?

Habu: In ya yi wari, ɗanye ya yi yawa ko ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga. A ƙara busasshe a juya. Wanda ya yi daidai zafi yake ɗauka, cikinsa har ya haura digiri 55, zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ana juyawa duk sati biyu, wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa. Mu a nan matsalarmu hunturu ne. Iska ta busar da shi, ka dawo bayan wata huɗu ka tarar da ganyenka yana kallonka. Dole ruwa, ko na ɗaurayar kayan miya ne. Sai dai kar a sa saiwar ƙirƙiri da ta ayaya, don za ka raba wa kanka bala'i a kowane kwami.

Nura: Ni fa duk wannan ba zai yiwu a gidanmu ba, saboda Hajiya Babba.

Rabi: Kar ka fara.

Nura: Sababbin masu sauraro ba su san ta ba. Akuyar maƙwabcinmu ce.

Rabi: Nura!

Nura: Anti, ita ce hukumar kwashe shara ta layinmu. Ganye, kwali, takardar jarabawar ƙanena, duk ta wuce da su. Kuma tana biya nan take, da taki, a ƙofar gida.

Habu: To ai ta fi mai hoton nan hankali.

Nura: A ba ta kwangila kawai. REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, su ɗauke ta aiki, a ɗinka mata riga mai ƙyalli.

Rabi: Da matakin albashi na nawa?

Nura: Na takwas, tana da ƙwarewa. Fanshonta dusa.

Habu: In ta yi ritaya kuma a ci ta da babbar salla.

Nura: Haba Yaya, ma'aikaciyar gwamnati?

Rabi: Ku dai yi dariya, amma mahauta za su gaya muku irin tulin ledar da suke cirowa daga tumbin dabbobi. Dabba ta yi ta ramewa cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen magani.

Habu: Wannan gaskiya ne. Kuma a nan zan yaba wa masu sayar da furanni na bakin titi. Ku tsaya ku duba, a Kano ko Kaduna ko Abuja, yawancin ƙananan dashen a ledar fiya wata ake renonsu. A yanke baki, a huda gindi, a cika da ƙasa. Babu wanda ya yi musu taron bita, tsadar baƙar ledar reno ce ta koya musu. Inda suke kuskure, ranar dashe sai a yage ledar a yar a wurin, ko ma a binne ta tare da shukar, saiwa ta yi ta zagaye a ciki.

Rabi: Tayar mota fa? Makarantu duk sun koma fentin taya.

Habu: Ta yi kyau ga fure da gefen hanya. Amma a huda ta, in ba haka ba ta tara ruwan sama, ka buɗe wa sauro gidan haya. Kuma ni dai ba zan shuka latas ko alayyafo a ciki ba, da zafin ranar nan tamu. Ɓaraguzan gini ma haka, fasasshen bulo da tayil, maimakon a biya mai tifa ya kwashe, a daɓe hanyar cikin lambu da su. Robobin ruwa kuwa, a Sabon Yelwa kusa da Kaduna har gida aka gina da su a 2011, an ɗura musu yashi an jera. In an yi ɗaki da su, bakin kwami ne zai gagara? Ko ka huda murfin, ka kifa robar a gindin shuka, ta riƙa ɗiga a hankali.

Nura: Yaya, ka ce a ƙarshe za ka faɗi yadda mai aikin zai shawo kan maigida, da maganar tassa ta mutanen Tawa a Nijar.

Habu: Tassa ai shiri guda ce, ramuka ne ake haƙawa a fako a zuba taki, gara ta shiga ta buɗe ƙasar, shi ne a Burkina ake kira zaï, wanda manomin nan marigayi Yacouba Sawadogo ya...

Rabi: Habu, an kira salla, kuma batirin Nura ya yi ja.

Habu: To, maigida dai a nuna masa kuɗin buhu. Sauran sai mako mai zuwa. Wanda ke da rami ya turo hoto a guruf.

Nura: Ban da hoton akuya, na riga kowa.