Jawabin Maraba ga Shugaban Amintattun Asusun Tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello, daga Tsofaffin Ɗalibai na Zariya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma babban baƙonmu, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, shugabannin jami'a, malamanmu da suka koyar da mu, iyayenmu mata, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke kan karatu, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da hanya. Al'ada ce ta sa muka kira ka baƙo. Wanda ya sha hunturun Samaru, ya yi sammako don ya sami kujera a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, gida ya dawo. Mun yi murna da aka ɗora maka wannan amana, kuma tun da ɗan gida ne kai, za mu yi maka magana irin ta cikin gida.

Ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Sardauna ne ubanta na farko, Norman Alexander ya fara riƙe ta a matsayin shugaba, sannan Farfesa Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta, ita kuwa gwamnatin ƙarfinta yana ga gyaɗa da auduga da harajin talakawa. Ke nan manomin da bai taɓa zama a aji ba, da matar da ta wuni tana ɓarar gyaɗa, suna da hannu a kowane bulo na harabobin jami'ar da ke Samaru da Kongo. Mu ne muka ci moriyar guminsu. Wannan bashin ne ya tara mu a nan yau.

Gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar a 1975, kuma har yanzu ita ke ɗauke da mafi nauyin kayan. Akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda ya samo asali daga gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i, aka kafa shi a 1993 da harajin ribar kamfanoni, aka sake masa fasali a 2011. Ya gina azuzuwa, ya tura malamai ƙaro ilimi, mun gode. Amma makarantun da ke miƙa masa ƙwarya suna da yawa, ɗalibai kuma kullum ƙaruwa suke yi. Giɓin da ya rage, mu yake kallo.

Sau da yawa in an tashi maganar nan sai a kawo misalin Jami'ar Harvard ta Amurka, mai asusun da ya haura dala biliyan 50. Yawan kuɗin bai kai tsarin muhimmanci ba: ba a taɓa uwar kuɗi, juya ta ake yi, a ci wani ɓangare na ribar kowace shekara. Mu kuwa mun san wannan tsari tun kafin a san da Amurka, sunansa wakafi. Da dukiyar gadonta Faɗimatu al-Fihri ta gina masallacin Ƙairawiyyin, wanda ya zama jami'a, a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, wakafi ne kuma ya riƙe jami'ar Azhar ta Masar ƙarnuka. A nan birnin Zazzau, wa ya biya malaman zaure na Unguwar Juma da Kona albashi? Maƙwabta ne ke aika akushin tuwo da daddare, manomi ya kai dami bayan kaka, attajiri ya ɗinka wa malam riga da salla. Haka aka riƙe ilimi a garin nan. Mutanenmu ba su da rowa a kan karatu, ranka ya daɗe. Abin da suke gudu shi ne su zuba ruwa a rariya.

Bari in ba ka labari biyu. Wani abokina ya halarci gidauniyar wata makaranta da ya yi tun yana yaro, ba zan kama sunanta ba. Ya ba da abin da ya kai albashinsa na wata uku, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Ba rasit, ba wasiƙar godiya, ba wanda ya sake kiransa. Bayan shekaru ya bi ta wurin ya tarar da ginin da aka tara kuɗin dominsa yana nan a tsayin taga, ciyawa ta cinye shi. Da aka sake aiko masa da katin gayyata, a aljihun mota ya bar shi. Mutumin kirki ne, har gobe yana biya wa marayu kuɗin makaranta, amma da hannunsa.

Mai labari na biyun tana zaune a cikin wannan ɗaki, ta ce kada in nuna ta. Malama ce da ta yi ritaya, daga ɗan fanshonta take cire kuɗin rajistar wata yarinya, ta sa a ambulan. Sharaɗinta ɗaya ne: duk ƙarshen zango yarinyar ta kawo mata sakamako. Sai ta sa tabarau, ta bi shi layi-layi da ɗan yatsa, inda ta ga rauni ta yi faɗa, inda ta ga ƙoƙari ta sa albarka. Bana shekara ta uku ke nan ba ta fasa ba, domin tana ganin inda kuɗinta ya shiga.

Abin da muke roƙo shi ne ka mai da asusun nan irin na malamar. Kowace shekara a fito da lissafi dalla-dalla: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi, ga abin da ya rage. Wanda ya ba da naira dubu ya sami rasit da godiya kamar wanda ya ba da miliyan. Kada a raina ƙanana. Mutum dubu 50, in kowa zai ba da naira dubu a wata, miliyan 600 ke nan a shekara, ba tare da an jira wani hamshaƙi ya sauko daga jirgi ba.

Sai zumunta, wadda Hausawa suka ce a ƙafa take. Tsohon ɗalibi ya kamata a san inda yake tun kafin a buƙaci aljihunsa: a yi rajistarmu aji-aji, a taya shi murna in ya sami ci gaba, a yi masa ta'aziyya in ya yi rashi, in ya nemi takardar sakamakonsa ya samu ba tare da jeka-ka-dawo ba. Wani ma ba kuɗi zai bayar ba. Likita zai duba marasa lafiya a asibitin koyarwa na Shika, injiniya zai karɓi ɗalibai su koyi aiki a wurinsa. Kuma tun da wa'adin shugaban jami'a shekara biyar ne, a ɗaure asusun da ƙa'idar da ba za ta sauya da sauyin shugaba ba.

Mu a Zariya mun riga mun fara tattara sunaye da lambobin 'yan ajinmu, littafin yana nan za mu miƙa maka. Gobe da safe, in ka amince, muna so mu zaga da kai ɗakunan kwanan ɗalibai da ɗakunan gwaje-gwaje, ka zauna da ƙannenmu ka ji daga bakinsu.

Allah ya taya ka riƙo, ya mai da kai gida lafiya, ya jiƙan Sardauna da waɗanda suka yi aiki tare da shi. Ranka ya daɗe, majalisa taka ce, bismillah.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.