Kayan atisayen wasannin Gaelic: abin da za a saya wa yara

Assalamu alaikum iyaye, musamman 'yan uwanmu mazauna Ailan da makaranta ko maƙwabta suka ja muku yara zuwa kulob ɗin GAA, wato ƙungiyar wasannin gargajiyar Ailan da ake kira wasannin Gaelic. Ga kayan nan na baje a kan tebur, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Jesi da gajeren wando ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Kowane kulob da launinsa, koci zai gaya muku. In yaronka ya je sansanin bazara na Cúl Camps, ai ya dawo da riga da jaka, sun ishe shi atisaye. Abin da nake roƙo kawai, kada a sa masa singiletin auduga a ciki. Ruwan ƙasar nan ba ya sallama kafin ya sauko, auduga kuwa in ta jiƙe ta jiƙe ke nan, yaro ya yi ta karkarwa a fili. A nemi rigar ciki mai kama jiki, irin ta roba-roban nan, sai 'yar rigar ruwa mara nauyi a sama.

To, ga inda kuɗinku za su tafi. Hular kwano. Duk mai buga hurling, wasan nan na sanda da ƙaramar ƙwallo, yaro ne ko babba, dole ya sa ta tare da ragar ƙarfen fuska, a wasa da kuma a atisaye. Tun farkon 2010 dokar ta hau kan kowa har manyan 'yan wasa. Ku juya hular, ku nemi wannan lambar ta tabbatar da inganci, IS 355. Kun gani? Bari in matso da ita. In babu lambar, ajiye musu kayansu. Wannan ta kamfanin Mycro ce, akwai ta kamfanin Cooper, duk suna da kyau, ni dai na fi son wadda ake daidaita faɗinta daga baya saboda kan yaro girma yake yi. Ka sa masa, ka ɗaure igiyar haɓa, ka ce ya girgiza kai. In ta yi rawa, ta yi yawa. Kuma don Allah, samarinmu, wannan ɗabi'a ta cire ƙarfe ɗaya daga ragar wai don a fi ganin ƙwallo, a bari. Ƙwallon nan ƙarama ce, ga tauri, tana samun ƙofa za ta shige. Hular da wani ya riga ya yi amfani da ita kuma, in ba ka san tarihinta ba, ni ban ba ka shawara ba.

Hajiya, in 'yarki camogie take bugawa, wato hurling na mata, hijabin wasa mai santsi ake sawa a ƙarƙashin hular, ban da fil ko ɗaya. Ku je shagon da shi a kanta a gwada tare. Daga 2025 an ba 'yan mata zaɓin gajeren wando maimakon siket ɗin da aka saba, dogon wando mai kama jiki kuma a ciki, ki yi magana da koci tun ranar farko.

Sandar hurling kuwa, yaro ya miƙe da takalminsa, ya saki hannu, ka dafa ta a ƙasa ta gefensa. Ta tsaya a kwatangwalo... a'a, wannan awon da ne, yanzu a ƙashin wuyan hannu ake so ta tsaya. Kada ka sayi doguwa wai zai girma ya tarar da ita, hannunsa za ka lalata.

Yanzu masu ƙwallon ƙafa ta Gaelic. Robar haƙori, wadda ake sawa a baki don kare haƙora. Wajibi ce ga yara tun 2013, ga manya tun 2014, alƙalin wasa yana iya fitar da wanda ya ƙi sawa. A nan zan daɗe, don a wajen gyara ta ne mutane ke shan wahala. Ga ruwana ya tafasa. Kada ka jefa ta cikin buta, zuba ruwan a kofi. Duba kwalin, kowane kamfani da sakan nawa ya ce, ka bi nasu. In ta wuce lokaci sai ta lanƙwashe ta manne da kanta, shi ke nan an yi asara. Cokali za ka sa ka tsamo ta. Yarfe ruwan, ka ɗan jira kaɗan kada ta ƙona dasashi. Sai a haƙoran sama, na sama fa, ba na ƙasa ba. Ya cije a hankali, ba cizon ƙashi ba, in ya matsa da ƙarfi zai huda ta. Ya tura harshe a ganɗa, ya tsotse iskar, kai kuma kana danna leɓensa da kumatu da yatsu ta waje. Daga nan sai ruwan sanyi. Gwajin shi ne ya buɗe baki ya yi magana. In ta faɗo, a sake. In tana sa shi yunƙurin amai, a rage bakin bayan da almakashi. Yaron da ke da wayar gyaran haƙori, wannan sai likitan haƙori. Ku sayi biyu, wallahi ɓata suke yi kamar silifas a masallacin Juma'a, kuma a rubuta suna a jikin akwatin.

Safar hannu, ga ta, mai danƙo a tafi. Ranar ruwa ƙwallo sulɓi take yi. Ta kama yatsu cif, a wanke da ruwa mai ɗumi, kada a shanya a kan hita, danƙon bushewa yake ya tsage.

Takalmi, mai haƙoran roba ya wadatar wa yara kusan duk shekara. Mai ƙusoshin ƙarfe sai manya, lokacin sanyi da fili ya zama taɓo, kuma ba a hawa filin ciyawar roba da shi. A gwada da safar ƙwallo mai kauri a ƙafa. Af, na tuna, akwai 'yan ƙafa uku da yarana suka fi ƙarfinsu, har yanzu garau suke, mai so ya yi mini magana mu daidaita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan nuna yadda ake naɗa wa sanda robar riƙo.